Darasin Gahawa ga Mai Ƙwaryar Nono



Gahawar da muke kurɓa a Tamanrasat ba a Aljeriya ake noma ta ba. Mu leƙa Yirgacafe ta ƙasar Habasha, inda ƙananan manoma ke kai 'ya'yanta wurin wanki ɗaya. Ranar da aka tsinka, ranar ake kaiwa. In ta kwana, ta fara tsami. Sai a zuba a ruwa: wadda ta taso sama holoƙo ce, a kwashe. A ɓare sauran da inji, a jiƙa kwana ɗaya ko biyu, a wanke, a shanya bisa gadaje wajen mako 2. Kilo 5 zuwa 6 na ɗanya ke ba da kilo 1.

To, malam makiyayi, ai nononka ma ba ya jiran gobe. Kai shi da wuri, cikin tsabta. Can, buhun mutum ɗaya mai ruɓa kan karya farashin kowa. Nan ma ƙwarya ɗaya mai gaurayen ruwa haka take yi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Allah ya ba da kasuwa.