Bashi da Hawaye: Abin da Ya Hana Tsohon Fim Mutuwa



An nemi mu yi magana a kan wani abu da mu 'yan boko muka saba yi wa kallon raini, wato fim ɗin tausayi, wanda akan kira fim ɗin kuka. Abin tambaya shi ne, me ya sa irinsa yake yin shekaru aru-aru ana neman sa, alhali waɗanda masana suka fi yabawa a zamaninsa tuni an manta da su?

Bari mu fara da wanda ya fi suna a ƙasashen Turawa, na bikin Kirsimeti. A 1946 wani Ba'amurke, Frank Capra, ya shirya It's a Wonderful Life, James Stewart ya fito a matsayin George Bailey, mai kula da wani ƙaramin kamfanin ba talakawa rancen gina gida. Da fim ɗin ya fito bai yi kasuwa ba. Sai a 1974, da aka yi sakaci ba a sabunta rajistar mallakarsa ba, gidajen talabijin na Amurka suka same shi a araha, suka riƙa nuna shi kowace Kirsimeti har ya zama al'ada. Wasu sun ce sirrin ke nan, araha ce kawai. Mu ba mu yarda ba. Araha tana iya kawo fim ƙofar gida, amma ba ta isa ta zaunar da mutum ya kalle shi sau ashirin ba. Labarin kuwa na bashi ne: dala 8,000 ta kamfanin ta ɓace, ta faɗa hannun Potter, attajirin garin mai cin talakawa, ya danne ta, George ya ga kurkuku a gabansa, ya hau gada zai kashe kansa a jajiberin biki, aka nuna masa yadda garin zai lalace da ba a haife shi ba. A ƙarshe maƙwabta suka yi karo-karo suka biya.

To, mu ma a Kano muna da namu, sai dai daga Indiya ya zo, kuma bikin da ya fi cika gidajen silima a nan Salla ce. Kafin mu kai gare shi, ya kamata mu tuna inda aka kalle shi. A 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, daga baya aka sami El Dorado a can, da Plaza a Fagge. Kusan dukkansu a bayan ganuwa suke, domin mutanen birni sun ɗauki silima abin 'yan bariki ne, kuma gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum 331, ta ƙara musu hujja. Yawancin gidajen ba su da rufi, sai dare ya yi ake kunna na'ura. Kwarori 'yan Labanan ne masu su, su ne kuma suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950, suka ga Bahaushe ya fi karɓar su a kan na kaboyi.

Cikin waɗannan babu wanda ya yi zaman Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. Shekaru da dama bayan fitowarsa, in aka sake ɗora shi gida yakan cika, 'yan kallo suna bin waƙoƙin baki da baki, ba tare da sun san abin da kalmomin suke nufi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tsaya mu yi tunani. Mutumin da ba ya jin Indiyanci, ya kuma san ƙarshen labarin, me ya koma nema?

Nargis ce ta fito a matsayin Radha. Surukarta ta ranci rufi 500 a wurin Sukhilala don hidimar aurenta, aka jinginar da gona. Da aka yi gardama a kan sharaɗin, dattawan ƙauye suka ba mai takarda gaskiya, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne, kuma duk wannan ruwa ne, uwar kuɗin tana nan. Mijin ya je sharar sabuwar gona, dutse ya murƙushe masa hannuwa, kunya ta kore shi daga gida. Ambaliya ta cinye abin da ya rage. Sukhilala ya yi wa Radha tayin abinci a bakin mutuncinta, ta ƙi, ta ja garma da wuyanta ta rene 'ya'yanta.

Yanzu ku dubi waɗanda suke zaune a benci mafi araha a Plaza. Akwai leburan Kantin Kwari, da ɗan dako, da ɗan cirani wanda ya baro ƙauye bayan kaka. Ba wanda zai koya musu yadda ake cin buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka, ko yadda ake dangwala yatsa a takardar da ba a iya karantawa ba, musamman a zamanin gyaɗa. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da muke kira kuka na banza, a wurinsu lissafi ne da suka sani tun suna yara, aka haska musu shi a bango. Ga kuma kunya, ga biyayyar ɗa ga uwa, ga aure da ya zama sanadin talauci, duk abubuwan da ba su gani a fim ɗin kaboyi. Matan aure ba su zuwa silima, amma da talabijin ta shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1970, sannan bidiyo ya biyo baya, sai aka ga ashe su ne manyan masu kallon. (Ga masu son labarin gefe: Nargis ta auri Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin ɗanta, a 1958, kuma ɗansu ne Sanjay Dutt, wanda samarin Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin.)

A ganinmu na Indiya ya fi na Amurka faɗin gaskiya, ko da yake shi ma yana da nasa dogon surutu da ban dariyar da ba ta da wuri. A na Amurka gayya ce ta ceci mutum, kowa ya tafi gida yana murmushi, ba a ma tambayi Potter kuɗin da ya danne ba. Labari ne na daren biki, ya dace da wanda ya ƙoshi. A na Indiya babu mala'ika, babu karo-karo. Birju, ɗan Radha, ya gaji da haƙuri, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, sannan ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta. Radha, wadda ta yi alkawarin kare mutuncin yarinyar, ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta. Ya mutu a hannunta yana miƙa mata awarwaronta da aka jinginar tun yana yaro.

Yawancin gidajen nan na Fagge da Sabon Gari sun rufe, 'yan kallo sun koma waya, inda ake fassara finafinan Indiya da Hausa. Amma har yanzu in aka ambaci Sukhilala a gaban dattijon Fagge, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne.