Ƙurajen Jinjiri: Na Bari da Na Asibiti

 Yau maganarmu a kan ƙurajen nan masu farin kai da ke fito wa jinjiri tun kafin suna, har maijego ta kasa barci.

Yawancinsu ba abin tsoro ba ne. Akwai waɗanda ake haihuwar yaro da su, a goshi, ƙarƙashin haɓa, bayan wuya, har tafin hannu. Kwana 1 ko 2 sun fashe, su bar tabo baƙi-baƙi. An fi ganinsu ga 'ya'yanmu baƙar fata, kuma tabon kan ɓace da kansa, wani lokaci sai ya kai wata 3. Wasu kuma a kwana na 2 ko na 3 suke fitowa, da ja kewaye da su, yau a ƙirji gobe a cinya. Mako 1 zuwa 2 sun tafi. Yana shan nono, jikinsa ba zafi? To ki bar su, wanka kawai. Kada ki matse, kada a kira wanzami, kuma don Allah kada a shafa masa man ƙara hasken fata, ko da inna ce ta kawo.

Amma ki saurara da kyau nan. In ƙurajen sun yi manya kamar bororon ƙuna, fata tana salewa, ko cibiya ta yi ja tana mugunya da wari, ƙwayar cuta ce, kuma tana iya shiga jini. In sun taru wuri ɗaya cunkus da ruwa a ciki, musamman a mako na 2, wannan kan taɓa ƙwaƙwalwa. Bororo a tafin hannu da ƙafa tun ranar haihuwa kuwa yakan zama tunjere ne daga ciki. Allurar fenisilin ke maganinsa, kuma uwa da uba su ma sai an yi musu.

Ido kaɗai ba ya rabewa, ko na likita. Shi ya sa ake ɗibar ruwan ƙurjin a duba, a ɗebi jini, a kwantar da yaro a ba shi magani ta jijiya.

Zazzaɓi, sanyin jiki, ƙin nono, yawan barci: ko ɗaya kika gani, ba a jiran arba'in, ba a jiran gari ya waye. Ki nemi izinin maigida tun yau, kina lafiya, cewa in haka ta faru ba ya nan, ke ko ungozoma za ku kai yaron asibiti.