CIWON DA BA YA SALLAMA: JAWABI GA 'YAN KASUWA

(Wannan shi ne jawabin da magatakardan reshen jam'iyyarmu ya karanta a gaban 'yan kasuwa da sauran talakawa membobi. Mun buga shi yadda aka faɗe shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.)

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa masu rumfa da 'yan tebur da 'yan koli da 'yan dako, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode muku da kuka rufe rumfunanku da sauran rana kuka taho.

Yau ba maganar ƙuri'a ce ta tara mu ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku ga ta ɓullo daga baya, gama ba abin da ya shafi talaka wanda ba ya komawa can. Abin da ya tara mu littafin membobi ne. Mu da aikinmu ke nan riƙon littafin nan, kowane ƙarshen shekara sai mun bi shi mun ja layi bisa sunayen waɗanda Allah ya yi wa rasuwa, mu kan kuma tambayi sanadi. To, amsar da muke ji yanzu iri ɗaya ce. A ce mana wane yana cikin auna wa mai saye hatsi sai ya yanke jiki ya faɗi. A ce wance ta kwanta lafiya lau, da asuba aka tarar ɓarin jikinta ya shanye. A ce wane ɗan ƙaramin gyambo ne ya fito masa a yatsa, ya ƙi warkewa, har aka yanke ƙafar. Mutanen nan kuwa ba tsofaffi tukuf ba ne, masu shekara 45 ne zuwa 55, watau daidai lokacin da gida duka ya rataya a wuyansu.

Mun sani ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma fa galibin abubuwan nan da muka lissafa suna da suna a wurin likita, sunan kuwa biyu ne: hawan jini da ciwon sukari.

Bari mu fara da hawan jini, domin shi ya fi yawa. Masu bincike sun ce a ƙasar nan, cikin manya 3 kusan 1 yana da shi, mafi yawansu kuwa ba su sani ba. Ku dubi na dama da ku, ku dubi na hagu, sa'an nan ku dubi kanku. Zuciya famfo ce, jijiyoyi su ne tiyo. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da kan faru in injin yana tura ruwa da ƙarfin da ya fi ƙarfin tiyo: yau ba kome, gobe ba kome, wata rana sai ya tsage a inda ya fi rauni. In jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda mu kan ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa daga rumfar da ke kallon tasa. Sau nawa aka ɓata zumunci a kasuwar nan saboda wannan zato? In zuciya ce ta gaji da turawa, sai ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. In ƙoda ce ta lalace, sai wankin ƙoda sau 2 ko 3 kowane mako, wanda ya cinye jarin mutane da gidajensu da gonakinsu, ba mu bukatar gaya muku, kun gani da idonku.

Muguntar ciwon nan ita ce ba ya sallama. Mutum yana iya shekara 10 da shi ba ciwon kai, ba jiri, yana ɗaukar buhu yana dariya. Ba a gane shi da duban ido, sai da awo. Awon yana ba da lamba 2, ta sama da ta ƙasa. In an auna ka a ranaku daban-daban ta sama tana kai 140 ko ta ƙasa tana kai 90, to, kana da shi, sai ka ga likita. In ta kai 180 bisa 120, musamman tare da ciwon ƙirji ko ganin duhu-duhu, wannan ba a kwana da shi a gida. Haka nan in kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, kada a tsaya neman turare da shafe-shafe, kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, gama yana iya shaƙewa. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya asibiti.

Ciwon sukari shi ya kan ɗan yi gyaran murya: yawan fitsari har cikin dare, ƙishirwa wadda ba ta yankewa, rama alhali ana cin abinci, kiyashi suna taruwa inda aka yi fitsari, ciwo ya ƙi warkewa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, da safe kafin a karya kumallo, ya isa a fara ganewa. In ya nuna 126 ko fiye, aka sake aka sami haka, ya tabbata. Mai ciwon nan ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi yawo ba takalmi cikin kasuwa, kada kuma ya ba mai yankan farce ƙafarsa ya yi mata gaggawa da reza.

Yanzu ga abin da ke hannunmu, mu fara da tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke cikin miya da burodi da yaji da kilishi. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa cikin miya 4 ko 5, kusan rabin kowane ɗaya gishiri ne, sa'an nan a bi shi da wani gishirin. Iyayenmu mata, ba mu zo koya muku girki ba, Allah ya kiyaye, amma ku rage da kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshen maigida zai saba, ba zai ma lura ba. Sai kanwa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura matan ƙasar Hausa da yawa suna samun kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka kuma danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon da aka hura wa wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce a cikin jiki. Al'ada ce mai tsawon tarihi, mun sani, amma mai jego wadda ƙafarta ta kumbura ko numfashinta yake sarƙewa, a tsai da kunun a kai ta asibiti.

Mu maza ma kada mu yi dariya. Mai shayi ya zuba sukari cokali 4 a kofi, mu ce a ƙara. Da rana a kora da lemon kwalba, wanda kwalba ɗaya tana iya ɗaukar sukari cokalin shayi 7 ko fiye. Sa'an nan a zauna bisa benci tun hantsi har magariba, ko masallaci mai nisan taku 200 sai an hau babur. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, magani ce da ba a saye. Taba kuwa, ko sigari ko shisha, ba ta da wani ma'auni mai kyau, barinta ne kaɗai. Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan dako ke haɗiya kowace yamma kamar gyaɗa: yawan shansu yana ta da jini, yana cin ƙoda.

Ga wata magana mai ɗaci, wadda za ta taɓa waɗansu da ke zaune a nan. Mai mota da lasifika da ke cewa kwalbarsa ɗaya tana warkar da hawan jini da sukari da basir da shawara cikin kwana 7, ku tambaye shi ko yana da abin awo. Ciwon nan biyu ba a warkar da su a gama, lallaɓa su ake yi, kamar yadda ake ba shuka ruwa kullum. Wanda likita ya ɗora bisa amlodipine ko metformin, ya ji sauƙi ya daina, ya koma gidan jiya, sau da yawa ma ya fi da muni. Mai shan maganin sukari, musamman mai allurar insulin, ya nemi shawarar likita tun kafin watan azumi ya kama.

To, a nan ne wani zai miƙe ya ce, Malam, ka faɗi gaskiya, amma da me za mu sayi maganin kowane wata? Tambayar tana bisa hanya, ita ce kuma ta kawo mu ga masu mulki. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika alkawarin nan ba. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ce inshorar lafiya tilas ce ga kowa. Dokoki kam ga su nan a takarda, amma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fitowa. A 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Muna tambaya, nawa ne daga ciki ya koma wajen masu ciwon sukari? A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, naira ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, har mutane suka koma raba ƙwaya biyu. Ku tuna, likitocin da suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921 sun sallama haƙƙinsu ga jami'a a kan dala ɗai-ɗai, domin kada talaka ya rasa shi. Shekara 100 da ɗoriya ke nan, ga talakan yana rasawa.

Marigayi Malam Aminu Kano, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1971 zuwa 1974, ya shafe rayuwarsa yana koya wa talaka ya tambayi inda harajinsa ke tafiya. Saboda haka muna tambaya. Kowace rumfa tana biyan kuɗin rumfa, kowane ɗan tebur ana yankar masa tikiti kullum. Kasuwa irin Kurmi ko Kantin Kwari ko Dawanau, wadda dubban mutane ke wuni a cikinta, ta fi garuruwa da yawa jama'a. Muna neman a cikin kuɗin nan a buɗe ɗakin awo a kowace babbar kasuwa, da malamin asibiti a ciki, da maganin hawan jini da na sukari bisa farashin sari. Duk ɗan takarar da ya zo muku da atamfa da sabulu, ko namu ne, ku sa shi ya amsa wannan a gaban jama'a.

Amma ba za mu naɗe hannu muna jiransu ba. Reshe ya yanke shawara a yi karo-karo a sayi na'urar awon jini irin mai batir guda 2, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. Ta matan za ta riƙa shiga gida-gida a hannun 'yan'uwanmu mata, domin waɗanda ke cikin kulle. Za mu roƙi wani ma'aikacin jinya daga cikin membobi ya koya wa samari 4 da mata 4 yadda ake awon. Su ba likitoci ba ne, ba za su ba kowa magani ba. Aikinsu su auna, su rubuta lambar a kati, su ce wa mai lamba babba ya tafi asibiti, bayan mako 2 kuma su bi shi rumfarsa su ji ko ya je. Katin na hannun mai shi ne, ba za a karanta lambar kowa a bainar jama'a ba, ba kuma za a tambayi kowa katin jam'iyya kafin a auna shi ba.

Za a fara ranar kasuwa mai zuwa, bayan sallar azahar, a ofishin reshe. Mai zuwa kada ya ci goro ko ya sha taba ko shayi rabin sa'a kafin awon, ya sa riga mai sakakken hannu, in ya iso kuma ya zauna ya huta minti 5 kafin a ɗaura masa. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafin karo-karo, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa a rubuta masa rasiɗi.