Kalmar "Indigene": Ma'anarta da Yadda Muke Aiki da Ita



An ce in yi jawabi a kan kalma guda ta Ingilishi, sai na zaɓi wadda kusan kowa a zauren nan ya taɓa neman takarda saboda ita, wato indigene. Baturen Ingila yana iya tsufa bai taɓa furta ta ba. Amma mu nan, ɗalibi mai neman tallafin karatu na jiha, ko saurayi mai neman aikin gwamnati, sai ya kawo takardar ƙaramar hukuma mai shaida cewa shi indigene ne tukuna a saurare shi.

Tushen kalmar Latin ne, ma'anarta wanda aka haifa a cikin ƙasa, ta hanyar Faransanci kuwa ta shiga Ingilishi. A zamanin mulkin mallaka ba sunan alfahari ba ne. A Maradi da Damagaram, wanda Faransawa suka kira da shi yana ƙarƙashin wata doka ta daban, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure shi har kwana 15 ba tare da shari'a ba, kuma ba a soke ta ba sai a 1946. Ingilishi su native suka fi so, daga nan muka sami En'e. To, ga sunan da kakanninmu suka ɗauka a kan dole, yau jikokinsu na bin layi su karɓa da hatimi.

Tsarin mulki na 1979 shi ya ɗaga darajarta, na 1999 kuma ya bi sawu. Sashe na 147 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance indigene na jihar. Sai dai bai fassara kalmar ba. Abin da ya fi kusa shi ne sashe na 318, inda aka ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ku lura da abin da ya faru: kalmar da ta fara da wurin haihuwa ta koma maganar jini.

Bari mu gwada ta a birnin nan namu. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a zamanin Turawa, aka kafa Sabon Gari domin baƙi daga kudu, Tudun Wada kuma domin 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba, aka bar cikin ganuwa ga masu gari. Akwai gidaje a Sabon Gari da aka haifi kaka, da uba, da ɗa a cikinsu, amma har gobe takarda baƙi take kiransu.

Shiga ta Ƙofar Doka kuwa, ka tambayi gidajen sarautar Zazzau guda huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Sunayen da kansu suna faɗin inda aka fito, ba wanda ya ɓoye, ba kuwa mai hankalin da zai ce su ba Zazzagawa ba ne. Sarki Makau, wanda jihadi ya fitar daga birnin a farkon ƙarni na 19, ya nufi kudu, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yanzu ake kira Suleja. Zuriyar tsofaffin sarakunan Zazzau ke nan, a takarda yau 'yan asalin Jihar Neja ne. A ganina, Bahaushe ya daɗe da sanin cewa zama yana mai da baƙo ɗan gari. Kalmar nan ce ba ta da wurin wannan sani.

Ƙa'idar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, sai mutumin Funtuwa mai aiki a Zariya ya kwana ɗan gida, ya wayi gari ɗan wata jiha, bai ko sauya ɗaki ba.

Ku ma'aikata masu fassara takardun hukuma, ina roƙonku abu guda. Kada ku fassara indigene da "ɗan ƙasa", domin wannan na citizen ne, kuma jikan nan na Sabon Gari ɗan ƙasa ne cikakke. Ku rubuta "ɗan asalin jiha", ko "ɗan asalin ƙaramar hukuma", gwargwadon abin da takardar ke nufi.