Jawabi A Kan Amanar Saƙo Tsakanin Ubangida Da Yaransa

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wannan jawabi ne da aka yi gaban 'yan'uwa ran taron jam'iyya, aka rubuta shi saboda waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya karanta ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Bayan haka, ya ku jama'a, malamai da attajirai da masu sana'a da 'yan ƙwadago, ina so mu yi magana yau a kan magana kanta, watau yadda umurni ke fita daga bakin ubangida ya isa ga mai aiki, da yadda labari ke tasowa daga mai aiki ya isa ga ubangida. Bari in fara da abin da na gani da idona.

Wata shekara da rani, tumatir ya cika kasuwa, wani attajiri ya sayi kwanduna masu yawa zai aika Ikko. Yana tsakiyar ciniki, waya a kunne, sai ya waiwaya ya ce da yaronsa, "Je ka gaya wa direba, gobe da asuba." Yaro ya ce, "To, Alhaji." Ya tafi tasha bai tarad da direba ba, ya bar sallahu wurin ɗan kamasho. Shi kuwa ɗan kamasho bai ga direba ba sai wanshekare da hantsi, ya ce masa, "Alhaji ya ce gobe da asuba." Direba ya ce to, ya koma gida ya yi kwanciyarsa. Mota ba ta zo ba sai da kwana ya ƙaru, kaya sun sha rana sun fara ruwa. Alhaji ya hasala, ya riƙe ladan yaro na wannan wata, ya kore shi.

To, ku duba, cikin mutanen nan huɗu wa ya yi ƙarya? Babu. Lafazin da ya fita bakin Alhaji shi ne ya shiga kunnen direba, ko harafi bai ɓace ba. Amma goben Talata ba ita ce goben Laraba ba.

Ku sani, malaman fiƙihu da za su yi bayanin ciniki sai suka rarraba shi rukuni rukuni: ga masu ƙulla shi, ga abin da a ke ƙulla shi a kai, ga siga, watau bayarwa da karɓa. In rukuni guda ya faɗi ciniki bai ƙullu ba. Haka nan masana na wannan zamani suka yi wa saƙo. A shekarar 1948 wani Ba'amurke mai ilmin lissafi, Claude Shannon, wanda ke aiki a gidan bincike na kamfanin tarho na Bell, ya rarraba shi ya ce akwai mafarin saƙo, da abin da ke mai da shi alama ya aika, da hanyar da ya ke bi, da abin da ke karɓa ya warware alamar, da wanda aka nufa da shi. Sa'an nan ya ƙara abu guda wanda shi ne fa'idar zancen duka, ya ce a kan hanya akwai hayaniya, watau duk abin da ke cuɗanya da saƙo ya gurɓata shi. Shi dai damuwarsa wayar tarho ce da ƙugin da ke cikinta. Amma a wurin aikinmu hayaniya ta fi haka yawa: ƙarar inji hayaniya ce, fushin ubangida hayaniya ne, yunwar lebura da tsoronsa hayaniya ne, haka kuma Turancin da akawu ke zubawa ga wanda bai ji ba domin a san ya yi makaranta.

A 1949 aka buga aikin nan cikin littafi tare da sharhin Warren Weaver, shi kuma ya kasa mas'alar mataki uku. Da fari, lafazi ya isa daidai? Sa'an nan, ma'anar da aka nufa ita aka fahimta? Sa'an nan, aikin da a ke so ya biyo baya? Saƙon tumatir ya tsallake na fari, ya faɗi a na biyu, saboda haka na uku ma ba a zancensa.

Sai dai wannan siffa tana da gurbi, don ta mai da magana tamkar kibiya, a harba ta tafi ba ta komowa. Wilbur Schramm a 1954 ya nuna cewa mai sauraro shi ma mai aikawa ne, amsarsa ce ke sanad da mai magana ko an gane shi, kuma mutum biyu ba su fahimtar juna sai a kan abin da suka yi tarayya cikin saninsa. Wannan kuwa, ya 'yan'uwa, ba baƙo ba ne gare mu. Almajiri a zaure in malam ya biya masa, ai ba ya tashi sai ya mayar, malam ya ji, ya gyara. Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, galibin ɗalibansa karanta masa Muwaɗɗa su ke yi yana sauraro, in an yi kuskure ya tsai da mai karatu. Kuma ya inganta cewa Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya kan maimaita kalma sau uku domin a fahimce ta. Muna da wannan a makaranta, amma da mun shiga kanti ko gareji ko ofis sai mu tuɓe shi mu bari a ƙofa kamar takalmi, mu wadatu da "to".

Ina roƙonku ku tsaya kaɗan a kan wannan kalma. Bahaushe ya kan ce to yana nufin na ji. Ya kan ce to yana nufin na yarda zan yi. Ya kan ce to, nufinsa ban gane ba amma ina jin kunyar tambaya. Ya kan kuma ce to domin kawai ka sake shi ya tafi. Ubangida ya ji kalma guda ya ɗauki ma'anar da ta yi masa daɗi.

Kada ku ce wannan ƙaramin abu ne. Ran 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na Los Rodeos cikin tsibirin Tenerife, wanda ke ƙarƙashin mulkin Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka hau titi guda cikin hazo mai kauri, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, ba mai ganin ɗan'uwansa, mai ba da izini a hasumiya shi ma ba ya ganinsu. Mataimakin matuƙin KLM ya faɗi wata magana mai fuska biyu, ana iya fahimtar mun tsaya wurin tashi, ana iya fahimtar mun fara tashi. Mutumin hasumiya ya amsa da kalmar da ita ce "to" ta Turawa, sa'an nan ya ƙara da cewa su dakata sai ya kira su. A daidai wannan lokaci mutanen Pan Am suka yi magana su ma, suna cewa har yanzu suna bisa titi. Muryoyin biyu suka haɗu cikin rediyo suka zama ƙara, abin da ya fita sarai a jirgin KLM shi ne "to" ɗin nan. Jirgi ya zabura. Mutum 583 suka hallaka.

Akwai wani abu cikin labarin da ya fi taɓa mu. Injiniyan jirgin KLM ya yi shakka, har ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce tukuna. Babban matuƙi, wanda shi ne shugaban masu koyar da tuƙin irin wannan jirgi a kamfaninsu, ya amsa da ƙarfi cewa i. Injiniya bai sake cewa kome ba. Bayan wannan musiba aka tsananta ƙa'idar lafazi, ba a ambaton kalmar tashi sai a lokacin ba da izini ko soke shi, aka ƙarfafa cewa matuƙi ya mayar da umurni da bakinsa, daga baya kuma aka shiga koya wa na ƙasa yadda zai tsai da na sama, da koya wa na sama ya saurara.

Mu nan fa? Birkila ya ga siminti bai isa ba, ya san bango zai tsage, amma ya ce ran ka ya daɗe, an gama. Yaron kanti ya ga kaya sun kusa lalacewa ya yi shiru, don ya san wanda ya kawo mugun labari shi ke shan zagi. Mun sa wa wannan suna ladabi. Wallahi ba ladabi ba ne, ha'inci ne da tsoro ya haifa, kuma rabin alhakinsa yana wuyan wanda ya dasa tsoron. Ubangidan da ke tsawa in an gaya masa gaskiya, ya koya wa yaransa su ɓoye masa, zai zama na ƙarshen sanin abin da ke cikin gidansa. Ladabi yana cikin yadda ka faɗa, da sassauta murya, da keɓewa da shi kada ka kunyata shi gaban mutane, amma faɗin wajibi ne.

Sai batun 'yan tsakani. A da hakimai a birni su ke zaune, jakadu ke kai da kawowa tsakaninsu da ƙauyuka, har sai da aka tura su su zauna cikin gundumominsu a shekarun da suka biyo bayan cin Kano na 1903. Dattawa sun ba mu labarin yadda umurni kan ƙara nauyi a hannun jakada, kuka kuwa ya rage. Kowane wurin aiki yana da jakadunsa har yau. In saƙo ya bi ta baki uku, to hayaniya ta sami ƙofa uku. Wanda labari ya zo masa a kan ma'aikacinsa ya tuna Suratul Hujurati ta hore mu da bincike kafin hukunci, ya kira mutumin ya ji daga bakinsa.

Abin da ya shafi adadi, ko kuɗi, ko rana, a rubuta shi, da ajami ko da boko, duk wanda mai karɓa ya iya. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba don sahabbai maƙaryata ba ne, sai don ɗan Adam mai mantuwa ne. A ambaci rana da sunanta, a ce Laraba, kada a ce gobe. Kuma saƙon murya da mu ke turawa ta waya yanzu, alamar da ke nuna an buɗe shi ba ta nuna an gane shi, sai wanda aka aika wa ya mayar da abin da ya ji. Amma faɗa da gyaran kuskure, wannan ba na takarda ba ne, ba kuma na zauren waya da kowa ke gani ba, a yi shi fuska da fuska.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni kafin mu zauna, to yaron nan na tumatir, yana da laifi ko ba shi da? Yana da nasa, don an aike shi ga direba ya tsaya ga ɗan kamasho, bai kuwa komo ya faɗi haka ba. Amma Alhaji ya yi umurni yana kallon wani wuri, bai ambaci rana ba, bai nemi a mayar masa ba, da dare bai tambaya ko an sami direba ba, ga shi kuwa da waya a hannu. Ladan kwanakin da yaro ya riga ya yi wa aiki hakkinsa ne, ni dai ban ga hujjar riƙe shi ba. Malaman da ke zaune nan sun fi ni sani, in na kauce su gyara mini a taro mai zuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.