Idan Zuciya Ta Durƙushe: Jawabi Ga Ɗalibai



Maganata yau a kan wani hali ne da kan biyo bayan bugun zuciya, wanda zan kira durƙushewar zuciya. Bugun zuciya kan auku ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya mai ciyar da tsokar zuciya, sai wani sashenta ya fara mutuwa. In ɓarnar ta yi yawa, zuciya ta kasa harba jinin da zai wadaci jiki. Awon jini na sama ya faɗi ƙasa da 90, hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe. Wannan kan sami mutum 5 zuwa 10 cikin 100 da suka gamu da bugun zuciya.

A 1967 likitoci biyu na Amurka, Killip da Kimball, suka ba da rahoton cewa kashi 81 cikin 100 na irin waɗannan majiyyata sun rasu. A 1999 aka wallafa sakamakon wani bincike kan mutum 302, aka ga buɗe jijiyar nan da nan ya fi farawa da magunguna: bayan wata 6, kashi 50 suka rasu maimakon 63. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko wuyan hannu har wurin toshewar, a buɗe, a tokare da ɗan ƙarfe mai kamar raga. Kafin nan likita kan ɗaga awon jini da allurar noradiranalin, yana hattara da ƙarin ruwa, don yakan cika huhu. Duk da haka, har yau kusan rabinsu ba sa tashi.

To, ina ruwanmu? Sau da yawa dattijo kan ji ƙirjinsa ya yi nauyi, zufa na karyo masa, zafin na sauka hannun hagu, sai a ce olsa ce, a jira gari ya waye. Kowace sa'a kuwa tsoka ce ke mutuwa, ba ta sake tsirowa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: a garzaya asibiti, a nemi awon zuciya na ECG.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, gobe kasafin kuɗin asibitoci hannunku zai biyo. Ku tuna asibitocin da ke iya buɗe jijiya kaɗan ne a ƙasarmu, galibinsu a manyan birane, wanda zuciyarsa ta durƙushe kuwa ba ya jure doguwar tafiya.

 Allah Ya ba mu lafiya, wassalam.