Yaron Tela a Dalijan

A ƙasar Nefal ɗinki gado ne na wata al'umma da ake kira Damai, teloli kuma makaɗa. Shekaru aru-aru ana ƙyamar su, har ana hana su shiga wuraren ibada. Dokar ƙasar ta soke wannan wariya a 1963, aka ƙara wata mai hukunta masu yin ta a 2011, amma har yau asalin gidansu yana bin matashin tela a can.

A Dalijan ta ƙaramar hukumar Gwandu kuwa, riƙon allura ba abin kunya ba ne. Malamai da almajiran ƙasar Hausa sun daɗe suna aikin babbar riga da hula. Damuwar yaron tela a nan daban ce. Yana fara shago da shara da guga, ya koyi kalmasa da sa maɓalli, sai an jima maigidansa zai yarda ya ɗora almakashi kan shaddar mutane. Ga shi ya ƙware, ga babu kuɗin keke. Ina roƙon iyaye da masu hali, su haɗa masa keken ɗinki kafin ɗinkin Sallah, tun bai ajiye sana'ar ya tafi ci-rani Kudu ba.